Ɗalibinmu a Sudan: ka ga Meroe, amma ka taɓa taka Gallabat?

Duk sa'adda na gayyaci ɗaliban da suka yi karatu a Sudan cikin shirina na rediyo, na tambaye su wuraren da suka fi so, amsar kusan guda ce. Kasuwar Omdurman, Mugran inda kogunan Nilu biyu suka haɗu, tsibirin Tuti, zikirin yammacin Juma'a a hubbaren Hamad al-Nil. Mai ɗan abin hannu ya ƙara da dalar Meroe ko bakin teku a Port Sudan. Wuraren nan ba su da laifi. Ƙorafina shi ne, wannan jerin na Bature ɗan yawon buɗe ido ne, muka ara muka yafa. Bahaushen da ya shekara huɗu ko biyar a Jami'ar Afirka ta Khartoum, ya dawo gida bai san Gallabat ba, to ya bar babban darasi a baya.

Gallabat ƙaramin gari ne a jihar Gadarif, kan iyakar Sudan da Habasha. Rafi ne kawai tsakaninsa da Metemma. Waɗanda suka raya shi tun ƙarni na 18 su ne Takari, wato mutanen yamma masu tafiya Makka a ƙafa, daga Darfur, Wadai, Barno har ƙasar Hausa. Wasu guzuri ya ƙare musu, wasu sun sauke farali suna komowa, sai suka yada zango suka kama noma da fatauci. Baturen Ingila Samuel Baker da ya ratsa ta nan a 1862 ya tarar da kasuwa mai ci, shugabancin garin kuma a hannun Takari. Wato kafin Lugga ya shiga Kano a yaƙin 1903, mutanen yamma sun daɗe da kafa gari a gindin tsaunukan Habasha.

A nan ne kuma aka gwabza a watan Maris na 1889, tsakanin rundunar Mahadi ƙarƙashin Zaki Tamal da ta Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu. Sarkin ya samu rauni ya mutu, mulki ya koma hannun Menelik, wanda ya karya Italiya a Adwa a 1896. Kada wani ya ce wannan ba tarihinmu ba ne: Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mubaya'a ya yi wa wannan Mahadin. A Nuwambar 1940 ma, sojojin Ingila da na Italiya sun fafata a kan wannan ɗan garin.

Na san abin da za a ce mini. Me ke Gallabat ban da ƙura, manyan motoci da 'yan kwastan? Gaskiya ne, babu gidan tarihi mai na'urar sanyi, babu inda hoto zai yi kyau a Facebook. Amma ɗalibi ba hoto aka tura shi ɗauka ba. Daga Khartoum zuwa Gadarif tafiyar kilomita 400 ce da 'yan kai, daga nan zuwa Gallabat kusan 150. A hanyar zai ga gonakin riɗi da dawa iya ganinsa, ya ji Hausa a kasuwa daga bakin mutumin da kakansa ma a Sudan aka haife shi. In ya bi ta Sennar, ga Mai Wurno a bakin kogi, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Wace dala ce za ta koya masa wannan?

Maganar ta wuce nishaɗi. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Blue Nile, aka kashe mutane da dama, dubbai suka bar gidajensu, aka riƙa jifan Hausawa da kalmar baƙi marasa ƙasa. A lokacin masu sauraro sun yi ta kiran waya suna tambaya, wai dama akwai Hausawa a Sudan? Abin takaici, cikin waɗanda suka yi digiri a can kaɗan ne suka iya ba da amsa mai gamsarwa. Mun tura 'ya'yanmu dubbai, sun dawo da Larabci da shaidar likitanci, amma ba su iya faɗin yadda danginsu suka isa can ba.

Sai ga yaƙin 15 ga Afrilun 2023. Khartoum ta kama da wuta, dubun dubatar mutane suka tsere ta Gallabat zuwa Metemma, cikinsu har da baƙi 'yan ƙasashe daban-daban. Garin da ba ya cikin jerin kowa ya zama ƙofar tsira. Wanda ya san hanya da mutanenta ba ɗaya yake da wanda ya fara jin sunan garin ranar gudu ba.

Ba ina cewa wani ya ɗauki jaka ya nufi iyaka ana cikin yaƙi ba. Rai ya fi komai. Amma in Allah Ya kawo zaman lafiya, ɗalibai suka koma, ƙungiyoyinsu su sake lale. A ware hutu guda don Mai Wurno, Gadarif da Gallabat. A nemi izinin tafiya, a tafi da littafi da rikoda, a gaida dattawa a tambaye su daga ina kakanninsu suka taso. Dalar Meroe ta jira shekara dubu biyu, za ta ƙara jira. Dattawan nan kuwa ba za su jira ba.