Kura ta ci tunkiya, kada bindiga ta ci mai tunkiya

Jama'a, duk mai harkar dabbobi daga Amchide da Fotokol har zuwa Birketiri da kasuwar Mokolo a nan Yawunde ya san ɓarnar kura da dila. Dare ɗaya za su faɗa garke, gari ya waye jarin mutum ya ragu. Makiyayan da ke kewayen gandun dajin Waza kuwa har da zaki suke fama. Shi ya sa muke yawan jin 'yan'uwa na cewa maganin abin kawai a nemi bindiga. Mu dai a ganinmu, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Dalilinmu na farko shi ne doka. Dokar makamai ta Kamaru ta ranar 14 ga Disamba 2016 ta hana saye, ajiye ko ɗaukar bindiga ba tare da izinin hukuma ba, kuma hukuncinta ɗauri ne da tara. A shekarar 2018 ma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta dakatar da sayar da bindigogin farauta da harsasai a yankuna shida, ciki har da Adamawa da yankin Tsakiya. Izinin Kamaru kuma ba ya aiki a Banki ko Gamboru, domin Nijeriya na da tata dokar tun 1959. A bakin iyakar da Boko Haram ta addaba, jandarman da ya tsinci bindiga cikin kayanka ba zancen kura zai fara yi maka ba.

Na biyu, namun dajin ma suna da kariya. Zaki na cikin rukunin da aka haramta kashewa. Dokar gandun daji ta 1994 ta yi uzuri ga wanda ya kashe dabba don kare kansa ko dabbobinsa, amma da sharaɗin ya kai hujja ga jami'in daji cikin awa 72. An sabunta dokar a 2024, saboda haka a tuntuɓi ofishin MINFOF mafi kusa tun kafin ɓarna ta auku.

To, mene ne mafita? Kura da dare take zuwa, kuma inda ta ga saƙe take bi. A ɗaga shingen ƙaya ya yi tsawo da kauri, a sa ƙofa mai ƙarfi, a ajiye karnuka, a kunna fitilar sola, a daina jefar da mushe kusa da garke. Fatake masu kwana a hanya su haɗa kuɗi su ɗauki mai gadi. Duk wannan bai kai kuɗin lauya ba.

Muna kuma kira ga hukuma da lamidai da sarakunan fawa da su saurari makiyayi idan ya kawo ƙara, domin wanda aka yi watsi da kukansa shi ke neman bindigar ɓoye. Tunkiya ana mayar da gurbinta a kasuwar gaba, amma shekarun gidan yari ba sa dawowa. Allah ya tsare mana dukiya da mutunci, amin.