Sama Ma Ta Zama Kasuwa

Kuna tune da watan Satumba na 1921? A'a, ba can baya nake nufi ba, na 2021 nake nufi, lokacin da aka datse layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Matar da maigidanta ke fatauci a Ikko ta yi makonni ba ta ji muryarsa ba, balle ya aiko da kuɗin cefane. Daga Talata Mafara, Bakura da Maradun, sai an hau mota an nufi Sakkwato kafin a yi sallama a waya. To, wannan ne ya sa yau na kawo muku zancen kumbo da tauraron ɗan Adam, ko da wata za ta ce ina ruwan uwargida da roka.

Da can zuwa sama aikin gwamnatoci ne, musamman Amurka da Rasha. Yanzu 'yan kasuwa sun shigo. Babbansu shi ne kamfanin SpaceX na Amurka, wanda Elon Musk ya kafa a 2002. Dabararsa mai sauƙin ganewa ce. A da, in an harba roka sau ɗaya ta tafi ke nan, kamar uwargida ta tuƙa tuwo ta fasa tukunya. Shi kuwa a Disamba 2015 ya dawo da gangar rokarsa ƙasa a tsaye, har ta kai ana harba guda ɗaya fiye da sau 20. Da kuɗin hawa ya sauka, sai ya watsa dubban ƙananan taurari da ake kira Starlink, masu kawo intanet ta faranti ba tare da dogon ƙarfen waya na gari ba. A Janairu 2023 suka fara aiki a Nijeriya, kafin kowace ƙasa a Afirka.

Abin marmari ne, amma mu yi lissafi. Farantin kaɗai dubu ɗaruruwa ne, ga shi sai da lantarki. A Oktoba 2024 kamfanin ya ce kuɗin wata ya tashi daga naira 38,000 zuwa 75,000, sai da hukumar NCC ta tsawata kafin ya dakata. Ke da kike sayar da ƙuli-ƙuli ran Talata, ko kike noman shinkafa a Bakolori, kwano nawa ke nan? Kowa ya yi ciniki ya san halin mai kaya in ya ga shi kaɗai ne a kasuwa.

Mu ma dai ba a bar mu hannu rabbana ba. An harba NigeriaSat-1 a 2003, wani kamfanin Ingila ya ƙera mana. Na sadarwa, watau NigComSat-1, daga Sin aka saye shi, aka harba shi a 2007, ya mutu a 2008, aka maye gurbinsa a 2011. Duk saye ne. Sai dai NigeriaSat-X na 2011, wanda injiniyoyinmu suka haɗa da hannunsu bayan sun samu horo a Ingila. A ganina wannan ɗaya ya fi sauran daraja, don tauraro yakan tsufa ya daina aiki, amma wanda ya iya ƙerawa zai sake.

Ku kuma 'yan makaranta, ga abin da ba a cika faɗa muku ba: mai riƙe da ragamar aikin yau da kullum a SpaceX mace ce, Gwynne Shotwell, injiniya, uwar 'ya'ya, shugabar kamfanin tun 2008. Da darasin lissafin nan da kuke ɓata wa rai ta fara. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau nan a Talata Mafara, ba sai an tsallaka teku ba. Iyaye mata, in kuka ga 'yarku ta duƙufa kan littafin lissafi da magariba, don Allah ku ba wani wanke-wanken.