Mari Ba Ya Raba Mutum da Ƙwaya

Akwai zargin da ake yawan jifan likitan masu shaye-shaye da shi a birnin Kano: wai ƙwaya kawai yake musanya musu da wata ƙwayar. Iyaye na faɗa, wasu masu wa'azi na faɗa, har wasu ma'aikatan lafiya na faɗa a bayan idonsa. Zargin yana da daɗin ji, amma kuskure ne, kuma kuskure mai cin rai.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A watan Mayu na wannan shekarar, bayan rahoton BBC kan kodin, Gwamnatin Tarayya ta haramta yin maganin tarin da ke ɗauke da shi da shigo da shi. Jami'an NDLEA na kame, Hisba na nasiha. Duk wannan yaƙi ne da kwalba da dila. Wanda jikinsa ya riga ya kamu yana nan a lungunan Jakara da Mandawari, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Abin da masu zargin ba sa la'akari da shi shi ne yadda jiki yake sabawa. Wanda ya shekara yana haɗiyar tiramol ko kodin, ranar da ya daina zufa za ta karyo masa, ga gudawa, ga ciwon gaɓoɓi, ga rashin barci da fargaba. Wanda ya saba da diyazefam ko roci, ko ya daɗe yana shan giya da yawa, yankewa farat ɗaya na iya jefa shi cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, wani lokaci har ajali. Akwai kuma haɗari na biyu. Idan aka kulle mutum wata uku, juriyar jikinsa ga ƙwayar tana raguwa. Ranar da ya fito ya sha adadin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa. Tsarewa ba tare da kulawar likita ba takan mayar da mashayi gida cikin haɗarin da ya fi na ranar da aka ɗauke shi.

Wannan ne laifin gidan mari. A 2019 'yan sanda sun buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, aka ga ɗaruruwan mutane cikin sarƙa da tabon bulala, Gwamnatin Kano ma ta ba da umarnin rufe nata. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne. Ƙofar da suka tarar a buɗe suka shiga. An rufe ta, amma wacce aka buɗe musu a kusa?

Aikin likita daban ne da na dila ta kowace fuska. Dila yana son adadin ya ƙaru. Likita yana auna abin da mutum yake sha, ya duba hanta da hawan jini, ya bincika ko akwai ciwon damuwa ko taɓin hankali a ƙarƙashin shan, sannan ya rage adadin mataki-mataki bisa jadawali. Ga wanda dogaronsa ya yi tsanani akwai metadon da bufirenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Akwai kuma nalokson, mai farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi.

Masu tsoron kada maganin asibiti ya sulale zuwa kasuwa suna da hujja. Amma maganin wannan rajista ce, da shan magani a gaban ma'aikaci, da bibiya. Ba a rufe rijiya don guga ya ɓata.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi. Sai dai doka ba ta duba mara lafiya. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar 'yan ɗaruruwa ne, kuma Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano ba za su ɗauki nauyin jiha guda su kaɗai ba. Matar aure da ke shan kodin a ɗaka ba za ta je Dawanau ba, saboda sunan da za a laƙaba mata. Za ta iya zuwa Asibitin Murtala ko asibitin unguwa, inda kowa ke zuwa da ciwonsa.

Don haka wajibi ne Ma'aikatar Lafiya ta Kano ta horar da likitoci da ma'aikatan jinya na cikin ganuwa su riƙa wannan aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararru, ta kuma tanadi magungunan. Limami da mai unguwa su ci gaba da nasiha, domin tana da gurbinta. Amma idan jiki ya fara karkarwa, likita za a kira.