Ruwan Da Ba Za Ka Ba Ɗanka Ba, Kada Ka Ba Kazarka



A taronmu na wata da ya gabata na kawo shawarar mu yi karo-karo a kai ruwan rijiyoyin gidajen da ake kiwon kaji ɗakin gwaji. Ban rufe baki ba wani dattijo ya ce, "Sakatare, kaza ce fa! Ko ruwan kwata ta samu sha take yi." Aka yi dariya, aka wuce maganar. Ni kuwa ban wuce ta ba, shi ya sa na dawo da ita nan.

Dalilina shi ne wata baiwar Allah a layinmu, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Da kuɗin adashi ta sayi 'yan tsaki 50 don ta sayar da Sallah. Kafin sati uku 19 sun mutu da zawo, sauran sun tsumbure. Wasu suka ce mata baki ne, wasu suka ce mai 'yan tsakin ne ya cuce ta. Ta yi ta fasa kafso tana zuba musu a ruwa. Da na je jaje, sai na auna da ƙafata daga bakin rijiyar gidan zuwa ramin sokawe: taku takwas. Ban ce na tabbatar ruwan ne ya kashe su ba, tunda ba a gwada ba. Abin da ya dame ni shi ne an zargi kowa da komai, ban da ruwan da suke sha safe da yamma.

Masana tsaftar muhalli suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. A gaya mini, gidan haya nawa ne a Agege yake da wannan fili? Rijiya a tsakar gida, sokawe a bayan ɗaki, na maƙwabci kuma a jikin katanga. Damina ta sauka a watan Yuni da Yuli, kwata ta cika ta tumbatsa, ƙasa ta jiƙe, abin da ke cikin ramin nan ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya tarar da rijiya. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Masu cewa kaza ba ta zaɓen ruwa, kazar ƙauye suke tunawa, wadda ke yawonta a sarari. Ita ma ɗin sau nawa muka ga ta ƙyanƙyashe goma ta tashi da uku? Ba mu dai lissafa ba ne, don ba mu sa kuɗi ba. Kajin gidan gona da muke kullewa a keji ba su da wani ruwa sai wanda muka zuba musu. Kaza tana shan ruwa kusan ninki biyu na nauyin abincin da take ci, da zafi ma ta fi haka. Ƙwai kansa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Mutum ya sayi buhun abinci da tsada, ya sayi bitamin, sannan abin da ya fi komai yawa a cikin kazar ya ɗebo shi daga gefen masai. Wannan wane irin lissafi ne?

Wani ya ce mini, "Ai ruwan garau yake, da shi muke alwala." Gaskiya ne malamanmu sun koya mana duba launi da ɗanɗano da wari, amma wannan hukuncin tsarki ne, ba shaidar lafiyar sha ba ce. Ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Salmonella ido ba ya ganinsu, hanci ba ya jin su. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. Sinadarin naitiret da ke fitowa daga masai da kashin dabbobi shi ma ba shi da launi, iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Masu jefa alam su sani, laka yake kwantarwa kawai. Tafasawa da kulorin suna kashe ƙwayoyin cuta, amma ba sa cire naitiret ko man fetur. Mutanen Baruwa da ke Ipaja, nan kusa da mu, sun shafe shekaru rijiyoyinsu na warin fetur saboda yoyon bututu. Irin wannan ruwa sai dai a bar shi.

Ban ce duk kazar da ta mutu ruwa ne ba. Akwai Gumboro, akwai annobar da ke share kaji da hunturu wadda ake yi wa rigakafin Lasota, akwai cunkoso da jiƙaƙƙen ɗaki. Amma rigakafin ma a ruwa ake ba su, kuma kafso ba ya gyara rijiya. Ka ba kaza magani yau, gobe ka sake cika mata kasko da cutar. Ƙarshenta maganin ya daina ci, ragowarsa kuma ya bi ƙwai da nama zuwa cikin yaranmu.

Kada kuma mai sayen fiya wata ya ɗauka ya tsira. Da wane ruwa ake wanke kwanuka da salak a gidanka? Da wane ruwa yara ke kurkure baki? Ba mu manta da kwalarar da gwamnatin Legas ta sanar a watan Yunin 2024 ba. Idan kaji suka fara zawo a gidan da ke da rijiya, gargaɗi ne ga mutanen gidan.

Ga abin da kowa zai iya tun yau. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓen siminti da murfi. Guga ɗaya tak, kuma a rataye shi, kada a ajiye a ƙasa. A nisanta keji da tulin kashin kaji daga rijiya, domin kajin ma suna ɓata ruwan. A wanke kaskon ruwansu da sabulu kullum. A sa kulorin irin WaterGuard bisa umarnin da ke jikin kwalba, a jira minti 30. Sai dai a kula: kulorin yana kashe rigakafin Lasota da na Gumboro, don haka a dakatar da shi kwana biyu kafin ranar rigakafi, a yi amfani da ruwan da aka tafasa ya huce.

A taro mai zuwa zan sake kawo maganar gwajin, kuma zan nemi a ƙirga hannu. Muna tara kuɗin biki da na kai gawa gida ba tare da gardama ba, to wannan ma haƙƙin juna ne. Iyayenmu mata masu kiwo, ku zo da kanku ku yi magana, tunda ku kuke kwashe gawar kajin da asuba. Baba da ya ba mu dariya rannan, ina girmama ka, amma zan zo da kofi ɗaya na ruwan rijiyar gidan marainiyar nan in ajiye a kan tebur. Wanda ya yarda ya miƙa wa jikansa, na janye shawarata.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu.

Sakataren Ƙungiya