Takardar Shaidar Asibiti Da Haƙƙin Majiyyaci

Tun a shekarar 2014 Dokar Lafiya ta Ƙasa ta wajabta wa kowane asibiti a Nijeriya, na gwamnati ko na kuɗi, ya mallaki takardar shaidar cika ƙa'ida. Dokar ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiyar talakawa, kuma ƙananan asibitocin mazaɓu ba su samun rabonsu sai an duba su an amince. Abin tambaya shi ne, wane amfani wannan takarda take yi wa mutumin Tafashiya a Ƙaramar Hukumar Kankiya, ko maƙwabcinsa na Kusada?

Babu shakka duba asibitoci yana da fa'ida. Lokacin da ƙungiyar likitocin fiɗa ta Amurka ta fara wannan aiki a 1918, asibitoci 89 kaɗai suka cika sharuɗɗa daga cikin 692. Cikin abubuwan da aka nema akwai ajiye tarihin kowane majiyyaci, da ɗakin gwaji, da zaman likitoci domin bitar aikinsu. Haka abin yake a nan. Inda ake jiran masu dubawa akan tanadi ruwan wanke hannu, a dafa kayan aiki, a sanya allurar rigakafi cikin sanyi, a gwada jini kafin a ƙara wa mutum. Waɗannan suna ceton rai ko da majiyyaci bai san an yi su ba.

Amma fa ma'aunin majiyyaci dabam ne. Shi abin da ya dame shi, in naƙuda ta kama matarsa da tsakar dare, zai tarar da ungozoma a bakin aiki? Akwai magani, ko kuwa takarda za a rubuta masa ya nufi kyamis? Za a saurare shi, ko tsawa za a daka masa? Idan amsar ba ta yi daɗi ba, sai ya tsallake asibitin garinsu ya ɗauki shatar mota zuwa Babban Asibitin Kankiya, ko ma Katsina, da kuɗin da ya sayar da akuya ya samu. Ta haka manyan asibitoci suke cunkushewa, ƙanana kuwa su zama kufai alhali takardar shaida tana rataye a bango.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina ta ɗauki matakai uku. Na farko, masu dubawa su riƙa zuwa ba sanarwa, har da dare, kamar yadda duba-gari yake yi a da, domin ziyarar da aka san ranarta shara da fenti kawai take gani. Na biyu, a rubuta sharuɗɗan da Hausa a manna a ƙofar kowane asibiti, kuma kada a sabunta shaida sai an ji ta bakin kwamitin raya mazaɓa da matan da suka haihu a wurin. Na uku, asibitin da ya gaza a ba shi wa'adi tare da ma'aikata da kayan gyara, gama laifin rashin rijiya ko wutar lantarki ba na malamin asibiti ba ne.

Ma'aikatan gwamnati da ake yankar albashinsu domin shirin taimakekeniyar lafiya suna da haƙƙin tambayar yaushe aka duba asibitin da aka tura su, da abin da aka gano. Su kuma ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya, waɗanda gobe za su riƙe waɗannan asibitoci, su sani cewa mutanen gari suna duba su kullum. Kyan alkawari dai cikawa, kuma takardar shaida alkawari ce da hukuma ta ɗaukar wa talaka.