Masu Neman Irin Flintstones, Kun Manta Da Gizo Da Ƙoƙi?

Akwai tambayar da nake yawan ji daga bakin waɗanda suka tashi da kallon katun a talabijin, wai ina za a samu labari mai kama da The Flintstones? Ni dai a nawa ra'ayin ba sai an je da nisa ba, domin muna da irinsa tun kafin a ƙera talabijin, sunansa Gizo da Ƙoƙi.

Ga wanda bai san shi ba, The Flintstones wasan katun ne da kamfanin Hanna-Barbera ya yi a Amurka, tashar ABC ta nuna shi daga 1960 zuwa 1966, kashi 166. Labarin wani magidanci ne mai suna Fred da matarsa Wilma da maƙwabcinsu Barney, a wani gari wai shi Bedrock, a zamanin da mutane ke aiki da dutse. Motarsu da ƙafa ake tura ta, dabbobi ne ke yi masu aikin inji. To amma duk wanda ya lura ya san ba mutanen da ake ba labari ba, Ba'amurken 1960 ake zolaya: ma'aikaci mai cika baki, mai tsoron maigidansa a wurin aiki, mai neman kuɗin dare ɗaya, kullum sai matarsa ta fid da shi. An kai shi zamanin dutse ne don ya yi wa kansa dariya ba tare da ya ji haushi ba. Haka wani wasan mai suna Dinosaurs ya yi daga 1991 zuwa 1994, har ya ƙare da yadda haɗamar wani kamfani ta jawo sanyin da ya hallaka kowa.

To mai karatu, wane ne wannan magidanci in ba Gizo ba? Ga tsamin baki, ga kwaɗayi, ga ƙyuya, ga dabarar da ba ta ƙarewa. Shi ne ya haɗa Giwa da Dorina ja-in-ja da igiya, kowa na zaton da Gizo yake ja. Shi ne ya bi hankaki cin ɓaure a tsakiyar ruwa, haɗama ta sa aka baro shi can. Ƙoƙi kuwa na gida tana haƙuri. Kakanninmu sun kai labarin zamanin da dabbobi ke magana, don tsohuwa ta samu damar faɗa wa mijin banza da azzalumin mai mulki gaskiya a tsakar gida, ba wanda zai kai ta ƙara.

Na san wani zai ce ai muna da Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, da wasannin marigayi Ƙasimu Yero, da Ibro, ga kuma Daɗin Kowa na Arewa24. Gaskiya ne, kuma sun yi ƙoƙari. Sai dai su a zamaninmu suke, da tufafinmu, don haka akwai inda dole bakinsu ya tsaya. Gizo ba shi da ƙabila, ba shi da jam'iyya, babu wanda zai ce da garinsu ake.

Ku ɗauki Gangara, a ƙaramar hukumar Jibiya, dab da iyakar Nijar. An rufe iyaka a Agustan 2019 har zuwa Afrilun 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mutanen da kasuwarsu da aurensu da zumuncinsu ke haɗe da Ɗan Isa da Maraɗi su suka sha wuyar. Ku ƙaddara a ce Gizo na zaune a nan lokacin. Ya ɗaura wa jimina buhun shinkafa zai bi ta daji, Kura ta kafa shinge kowane taku goma tana neman na goro, Ƙoƙi na cewa Malam ka bari, shi kuwa yana lissafin ribar da bai gani ba. Yaro zai yi dariyar jiminar, babba kuwa ya san inda aka dosa. Kuma wannan labari ba ya buƙatar fasfo, yadda za a gane shi a Jibiya haka za a gane shi a Maraɗi.

Abin da ke damuna shi ne, dandalin da ake koyon waɗannan labarai yana mutuwa. Hare-haren 'yan bindiga sun raba iyalai da yawa na ƙauyukan Jibiya da gidajensu, wasu suka koma cikin gari, wasu suka tsallaka Nijar, kuma wanda ke kwana da fargaba ba ya zaman tatsuniya. Inda ake zaune lafiya ma waya ta karɓe hirar dare. Abin dariya, mun raɗa wa intanet suna yanar gizo, amma yaranmu ba su san mai yanar ba.

Masu cewa Gizo na koya wa yara wayon banza, su tuna sau nawa kwaɗayinsa ke kai shi ga kunya. Yaro na ganin ƙarshen mai haɗama tun kafin ya gamu da shi a kasuwa.

Kayan aiki kuwa suna nan jibge. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyi cikin littafi 3 tsakanin 1911 da 1913, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya bar mana Tatsuniyoyi da Wasanni. Saboda haka ina kira ga marubutanmu da masu shirya fim na Kano da Katsina da matasa masu zane a kwamfuta: kada ku tsaya maimaita tsofaffin labaran kawai, ku ba Gizo gida da maƙwabci da bashin mai shago, ku bar shi a zamaninsa ya riƙa yin halinmu. In kuma akwai tsohuwa a gidanku da ta san tatsuniya, a ɗauki muryarta a waya tun tana da rai. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.