Hoton Kaluluwa: Kama Da Wane Ba Ta Wane

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa yin gyambo a ƙafa ya san kaluluwa, wato ƙullutun nan da kan fito a matsematsi. Irinta suna nan birjik a wuya da ƙirji da ciki, aikinsu tace ƙwayoyin cuta. Su ne kuma zangon farko da ciwon daji yakan yada idan ya tashi bazuwa.

A ciwon dajin bututun abinci, wanda ya taso daga maƙogwaro ya sauka tumbi, kaluluwa ita ce ke raba gardama. In cutar ba ta kai gare ta ba, fiɗa kaɗai tana iya wadatarwa. In kuwa ta kai, yawanci sai an fara da magani mai ƙarfi kafin a ɗauki wuƙa. Kuskure a nan yakan sa a yanka majiyyaci a bar cutar a ciki, ko a wahalar da shi da magani a banza.

To, yaya likita zai sani tun bai buɗe ƙirji ba? Na'urar hoto ta CT, wadda aka fara gwadawa a Landan a 1971, tana nuna girma ne. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a zargi duk kaluluwar da kaurinta ya wuce milimita 10. Amma fa tarin fuka yakan kumbura ta ba tare da daji ba, ƙarama kuma tana iya ɓoye cutar. Kama da wane ba ta wane.

Saboda haka masana suka shiga koya wa kwamfuta hasashe. Sukan ba ta hotunan majiyyatan da aka riga aka yi wa fiɗa aka san gaskiyarsu, ita kuma ta haddace alamun da idon mutum ba ya kamawa. Haƙiƙa wannan ci gaba ne, ba na musu.

Abin da nake ja a kai shi ne gaggawar amincewa. Kaso mai yawa na wannan bincike daga ƙasar Sin ya fito, inda kusan rabin masu cutar a duniya suke, kuma sau da yawa da hotunan asibiti ɗaya tak. Cutar kuwa tana ɓarna ƙwarai a Malawi da Kenya, inda tarin fuka ya yi katutu. Kwamfutar da ba ta taɓa ganin irin waɗannan ƙirazan ba, wa ya tabbatar ba za ta ruɗe ba?

Ra'ayina shi ne, a jarraba ta a kan mutanen kowace ƙasa kafin a dogara da ita. Inda kuma allura za ta iya kaiwa ta ɗebo tsoka a duba, a ɗebo. Ku da za ku riƙe asibitoci da ofisoshin sayen kayan aiki gobe, ku tambayi mai talla: a kan su wa aka gwada ta? In ya yi inda-inda, ku riƙe kuɗin jama'a.